Fijon Marigayi da Yafewar Sarkin Tasha

Masu ba da labari sun ce a wata tashar mota an yi wani Sarkin Tasha, Alhaji Barau, mutum mai son a ce ya yi dattako. Wansa Alhaji Mati ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu da wata farar Fijo, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Kafin a sayar da ita a raba gado, Sarki ya fita da ita, wata tirela ta daki bayanta. Direban tirelar ya sauko yana ba da haƙuri, Sarki ya dubi taron jama'a ya ce, "Ƙaddara ce, na yafe." Aka yi ta sa masa albarka.

Kamfanin inshorar tirelar ya biya gyara, mota ta fito tana ƙyalli. Amma duk dillalin da ya shafa bayanta sai ya karya farashi, wai ta taɓa buguwa. Aka kawo wa Sarki takardar neman diyyar darajar da ta zube, ya ture ta, ga wa'adi saura kwana biyu.

Da hantsi Baba Tankari, tsohon direban da ke ba shi shawara, ya same shi zaune cikin motar ba tare da ya tayar da ita ba.

"Baba, har yanzu ƙamshin turaren Yaya bai fita ba," in ji Sarki. "Ni da na ce na yafe a gaban mutane, in koma ina bin kamfani da takarda? Wallahi da kunya."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na taɓa shan irin wannan yabon. In ka ba ni izini in faɗa maka."

Sarki ya ce, "Bismilla."

Baba ya ce, "Zamanin da muke jigilar gyaɗa, lokacin da direba ke shiga gari yara na bin sa da gudu, ina tuƙa wa wata gwauruwa, Hajiya Kande, babbar motarta, roka mai bodin katako. Kai, duniya kenan! Ita ke ba ni fura da hannunta in na dawo. Wata rana wani ya goge mini gefe a kan gada. Ina ji da ƙuruciya, na ce na yafe, har maroƙi ya yi mini kirari. Aka gyara mota. Da ta tashi sayarwa don ta biya wa ɗanta makaranta, aka taya ta a wulaƙance. Ba ta zage ni ba. Ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, 'Tankari, zauna ka ji labarin Dela da gyartai.' Na ce, 'Ina ji, Hajiya.'

"Ta ce, 'Dela ta ari ƙwarya mai zane wurin maƙwabciyarta za ta kai nono kasuwa. Wani fatake ya bangaje ta, ƙwarya ta tsage. Ya ciro kuɗi zai biya, ta ce haba, ai ba komai. Ta kai wa gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, ya ɗinke ta tsaf. Ya ce mata, ga ta nan, ko ɗigo ba za ta zubar ba, amma mai saye da ɗinkin zai fara kallo. Ta wace ce? Ta ce ta maƙwabciyata ce. Gyartai ya ce, ashe da ƙwaryar mutane kika yi halin kirki.'

"Daga nan Hajiya ta dube ni ta ce, 'Kai aka yi wa kirari a kan gada, ɗana ne zai zauna a gida.' Kuma ya zauna ɗin, ranka ya daɗe. Shekara arba'in ke nan, in na gamu da shi yana tura baro a kasuwa sai in sauya hanya."

Sarki ya shafa sitiyari inda hannun wansa ya cinye fatar.

Baba ya ce, "Tsoron da ka ji da ciwon wuyanka naka ne, ka yafe, Allah ya ba ka lada. Direban nan ba a neman ko sisinsa, kamfani ne zai biya, don irin wannan ranar suke karɓar kuɗin mutane. Amma darajar motar nan ta 'ya'yan marigayi ce, Rakiya da ƙannenta. Ka tambaye su kafin ka yafe?"

Hawaye suka cika wa Sarki ido. Ya ce, "Yaya bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ni kuma na tashi cin na 'ya'yansa don a ce mini dattijo. Baba, miƙo takardar."

Ya ɗora ta a kan sitiyarin ya sa hannu. Baba Tankari ya buɗe ƙofa ya shiga gaba, ya ce, "Mu je tare. Tawa takardar na makara da ita shekara arba'in, bari in raka taka."