Fadamar Gwamma da Ranar Tashin Duniya

An yi wani dagaci, Jatau, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamar albasar wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya, Gwamma. Ana nan sai jita-jita ta cika gari, wai a tsakiyar sanyin bana rana za ta yi saiti da cibiyar taurari, duniya ta tashi.

Dagaci ya sa aka kirawo Gwamma gaban jama'a.

Ya ce, "Ba ke ce kike tara mata da kiɗa ba idan rana ta kama wata, har ta sake shi? To, ki yi kiɗa rana ta kauce wa cibiyar nan. In kin kasa, fadamarki ta zama tawa."

Gwamma ta dube shi sheƙeƙe. Ƙaton banza, ko kunya babu!

"Ranka ya daɗe, yaya za a gane na kasa?"

"Duniya ta tashi mana!"

"In ta tashi na bar maka, ka noma abinka. In kuma aka wayi gari lafiya fa?"

"Kin yi aikinki ke nan."

"Madalla. Ka dai san al'ada, wanda ya sa kiɗa shi ke sallamar makaɗi. Tsare duniya kuwa ba aikin goro ɗaya ba ne. Gonarka ta bakin rafi nake so."

Dagaci ya zabura. "Ke, zancen banza ne! Kowace shekara ta nan rana ke bi, me ya taɓa faruwa?"

Gwamma ta ɗauki ƙwaryarta. "Jama'a, kun ji da kunnenku. Ashe rana ba ruwanta, idon dagaci ne ya yi saiti da albasata."