Makara Mai Koren Fenti

An yi wani mutum a nan Doka, cikin Kaduna, akawu a ofishin gwamnati. Ba zan kama sunansa ba, wasunku sun sha haɗa sahu da shi.

Kun san Kaduna garin baƙi ne. Jirgin ƙasa ya sauke mutum, ciwo ya kayar da shi, ya mutu ba wanda ya san ƙauyensu. Shi ya sa dattawan unguwa suka kafa ƙungiyar taimakon baƙi. Kowace Alhamis mutum biyu za su zaga asibiti gado-gado suna tambaya, "Akwai wanda ba shi da kowa?" Mai rai a yi jinyarsa. Wanda ya cika a yi masa wanka da sutura, a sallace shi.

Duk shekara kafin azumi akan tura mutum ɗaya ya duba ko aikin yana tafiya, ya dawo ya shaida wa jama'a a masallaci. Wata shekara aka zaɓi mutumin nan.

Shugaban ƙungiya, Malam Mamman, wanda shi ne babbansa a ofis, ya tarye shi da shayi. Ya nuna masa sabon allo a ƙofa, da hoton 'yan kwamiti cikin manyan riguna. Sannan ya kai shi zaure ya ga makara, ta sha koren fenti.

Mutumin nan ba makaho ba ne. Ya ga gizo-gizo ya yi saƙa daga ƙafar makara har bango. Ya ga gara ta ci gefen alawayyon likkafani. Ya 'yan uwa, a garin da ake mutuwa kullum, yaya makarar baƙi za ta yi yana? Nan take ya gane an bar zuwa asibiti. Amma ana maganar ƙarin girma a ofis, kuma Malam Mamman ne zai sa baki.

Ran Juma'a ya miƙe ya ce, "Jama'a, na duba da idona. Komai lafiya lau. Makara ma sai sheƙi take yi." Aka sa masa albarka, kowa ya koma gida hankali kwance.

Bayan ƙaramar salla aka tura shi rangadi. Yana can, ƙanensa Husaini, manomi, ya taso daga ƙauyensu ba sallahu, yana fama da tari, zai zo wurin wansa neman magani. A tashar mota ya yanke jiki ya faɗi. Aka kai shi asibiti ba baki. Alhamis ta zo ta wuce, ba wanda ya tsaya a gadonsa. Ya cika. Ma'aikata suka jira masu gawa har suka gaji, aka ba fursunoni suka binne shi.

Da akawu ya dawo, ya tarar da tsohuwarsu Habiba a gidansa, ta biyo sawun ɗanta. Suka yi ta cigiya har asibiti. Can aka miƙo musu hula, wadda shi da kansa ya saya wa Husaini.

Tsohuwa ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Ban tambaye ka abin da ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi? Kai ni kabarin."

Ya shiga neman kabarin. Fursunonin ma ba su tuna inda suka haƙa ba.

Ƙarin girman ya zo, bai taɓa zama a kujerar ba. Ya bar aiki, ya bar cin abinci sai an matsa masa. Wallahi ni da idona na gan shi. Kowace Alhamis yana maƙabarta cikin rana, yana bin kaburbura marasa alama ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya ce, "Husaini, kai ne?"

Ya 'yan uwa, in an aike ku duba aikin taimako, kada allo da fenti su ruɗe ku. Ku taka ku je wurin waɗanda aka kafa abin dominsu, ku tambaye su. Abin da kuka gani shi za ku faɗa, ko ran babba zai ɓaci. Shaidar zur ce mutumin nan ya yi, cikin masallaci, kuma a kan gawar ɗan'uwansa ta faɗa.

Ya Allah, ka kiyaye harsunanmu daga yabon ƙarya. Ka jiƙan baƙin da ke kwance ba alama. Ran da muka cika, ka sa a sami mai yi mana wanka. Amin.