Wa Kubura Za Ta Fara Buɗe Wa Fuska?

Ku matso, 'yan mata, ku raba mini wannan gardama. Ni dai ta fi ƙarfina.

An haifi Kubura da curin jijiyoyin jini a leɓenta na ƙasa, ja wur. Ko rake ta ɓantara sai jini ya ɓalle. Tun tana ƙarama take rufe bakinta da mayafi.

Yayanta Sallau direba ne. Shi ya yi ta cigiya har ya gano asibitin da ake ƙona irin wannan da wani haske, wai leza. Likita bai ɓoye musu ba: wurin zai iya ƙuna, ya bar tabo, launin fata ya sauya, abin ma zai iya dawowa. Kubura ta yarda. Ba don Sallau ba, da har yau tana zubar da jini.

Aka yi, wurin ya tashi bororo. Suna gida ya fashe, jini ya ƙi tsayawa. Maƙwabta suka zo, wannan da toka, waccan da garin magani. Gwaggo Turai, wadda ta raine ta, ta kore su, ta danne leɓen da tsabtataccen ƙyalle, ba ta ɗaga hannu ba har asibiti. Ba don ita ba, da wani zancen ake yi.

Daga nan Kubura ta daina cin abinci, ta ce ita da komawa a ƙarasa aikin har abada. Sai Tanimu tela, mai zuwa zance wurinta, wanda bai taɓa ganin bakin ba. Sarkin barkwanci ne, amma ya daina, kada ta yi dariya ciwon ya tsage. Kullum sai ya kawo koko, ya zauna a zaure yana ba ta labarin zare da maɓalli.

Ta ce, "Malam, an ɓata ni fa."

Ya ce, "Ban ga na da ba, da me zan gwada? Sha kokonki, ranki ya daɗe."

Ta sha, ta kuma koma asibiti.

Yanzu jini ya tsaya, amma farin tabo ya zauna inda jan yake. Tun da aka cire bandeji ba wanda ya gani sai ita da madubi. Da safe ta ga ta yi kyau, da yamma ta rasa wace ce ke kallonta. Sai ta ce mutum ɗaya za ta fara buɗe wa, abin da ta gani a idonsa shi za ta gaskata.

Sallau ya san na da, amma shi ya kai ta, yana tsoron a ce ya cuce ta. Gwaggo ta san na da, amma ita tun farko cewa take ɗiyarta ba ta da aibi. Tanimu bai san komai ba, kuma shi ne zai zauna da fuskar nan.

To, ku faɗa mini, a gaban wanne a cikinsu ya kamata ta sauke mayafin?