Wankan Dayyabu Zuma

To, ku kife wayoyin nan a cinya ku matso kusa, ga wata nan ta zo muku. Kai mai jar hula, da kai nake, ba abin da zai tsere daga cikinta kafin in gama.

An yi wani mawaƙi da ake kira Dayyabu Zuma saboda zaƙin muryarsa. Ɗan ƙauye ne, siriri kamar karan dawa, shi kaɗai Allah ya bar wa uwarsa, Inna Talle. Ya shigo birni waƙarsa ta karɓu, har biki ba ya cika sai an sa ta. Sai wasu suka buɗe zaure a Fesbuk, suka raɗa masa suna Zauren Fallasa, ba su da aiki safe da yamma sai zagin mawaƙa da 'yan fim. Dayyabu bai taɓa ci musu komai ba, bai ma san fuskarsu ba, amma ko masoyi bai kai su bin diddiginsa ba.

Mutum uku ke jan ragamar zauren. Tanimu mai gyaran waya shi ke zama ya tsefe bidiyon Dayyabu, ya yanko inda idonsa ya yi rawaya ko ya yi tangaɗi, ya watsa ya ce ga ɗan ƙwaya. Lawandi mai adaidaita sahu shi ke bin sawunsa a gari, shi ya tona unguwar da yake haya, aka yi ta jifan ƙofarsa har mai gida ya ba shi notis. Nafi'u kuwa malamin makaranta ne mai kaifin harshe, a zauren ana ce masa Barkono. In ya rubuta layi biyu, sai ka ji yara na rera su a titi.

Sannu a hankali masu biki suka daina kiransa, masoya suka watse, Dayyabu ya ɓace daga gari. Bayan wani lokaci sai ga ɗan bidiyo ya fito: yana kwance a kan tabarma, murya ta dushe, yana roƙon a taimaka masa da jini. Barkono ya rubuta cewa neman suna ne, kasuwa ta mutu an koma wasan mutuwa. Zaure ya kwashe da dariya, waɗanda suka so taimakawa ma suka janye jiki.

Tanimu ya ɗauki bidiyon zai tsefe yadda ya saba. Yana dubawa, sai ya ga yadda Dayyabu ya ƙanƙame gwiwa yana cije leɓe. Haka ƙanwar Tanimun ta riƙa yi, wadda ciwon sikila ya kashe a kan cinyarsa. Nan take ya gane idon da ya daɗe yana yi wa sharri ba na ƙwaya ba ne. Ya kira sauran biyun ya ce, "Wallahi yaron nan mutuwa yake yi." Da bai gane ba, da ba wanda ya motsa.

Amma ina yake? Ba wanda ya sani. Lawandi ya dubi bidiyon, ya ga kututturen dinya ta tagar ɗakin, ya tuna wata rana da ya bi motar Dayyabu har ƙauyensu yana neman abin fallasa. Ya tayar da adaidaitarsa, suka bi hanyar da mota ba ta shiga da damina, suka ɗauko shi a sheme tare da tsohuwa suka kai asibiti. Da ba don Lawandi ba, da a kan tabarmar nan Dayyabu ya cika, ba mai ko ɗaga shi.

A asibiti aka ce jininsa irin wanda ake shan wuyar samu ne. Aka gwada Tanimu bai yi ba, aka gwada Lawandi bai yi ba. Na Nafi'u ya dace. Ya miƙa hannu aka ɗiba, ya ce a ƙara, aka ce ya isa kada a kwantar da biyu. Da jinin nan Dayyabu ya farfaɗo, ya buɗe ido ya ga uwarsa, ya nemi gafararta, ta yafe masa duniya da lahira.

Da tsohuwa ta fita alwala, ya dubi mutanen nan uku ya tambayi sunayensu. Suka faɗa, kai a sunkuye. Ya tsayar da ido a kan Nafi'u, don ya taɓa jin ainihin sunan mai rubutun nan na zaure.

"Kai ne Barkono?"

"Ni ne."

Can Dayyabu ya ce, "Kada ku gaya wa Inna." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Washegari da hantsi ya yi kalmar shahada, rai ya yi halinsa.

Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye. Suka mayar da gawa ƙauye. Mai wankan gawa a garin, Malam Sama'ila, tsoho ne hannu na rawa, ya ce yana buƙatar mutum ɗaya ya zuba masa ruwa ya taya shi juya mamaci, ɗaya tak, don ɗakin ƙuƙut ne. Kun dai san sharaɗin wankan gawa: ba a shigar da kowa sai amintacce, wanda duk abin da ya gani a jikin mamaci zai tafi da shi kabarinsa. A daidai lokacin wayoyinsu na ta kuka a aljihu, 'yan zaure na cewa ba za su yarda ya mutu ba sai an turo musu hoto.

Inna Talle ta fito tana dafa bango, ta ce, "'Ya'yana, duk waɗanda suka ci arzikinsa sun gudu, ku kaɗai kuka zo. Ba shi da wa, ba shi da ƙane. Wanda ya fi kusa da shi a cikinku ya shiga ya rufa masa asiri."

Ruwa ya yi ɗumi, likkafani na ninke, jama'a sun fara taruwa a ƙofar gida. Su uku suna tsaye, kowa na kallon ƙasa.

To, ga Tanimu da ya yi masa ƙazafin ƙwaya, ya kuma gane gaskiyar ciwonsa. Ga Lawandi da ya raba shi da muhalli, ya kuma nemo shi ya ɗauko. Ga Nafi'u da ya hana a ba shi jini, ya kuma ba shi nasa. Ku da ba ku rabo da zaurukan nan, ku faɗa mini: wane ne a cikinsu ya cancanci ya cire takalmi ya shiga ɗakin nan?