Zabuwa Mai Farin Fiffike

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu saurara.

Wata zabuwa ce mai farin fiffike irin na uwarta. Da can rabin danginsu haka suke, sai gobarar daji ta rutsa da su wajen kiwo. Cikin waɗanda suka tsira, ita kaɗai ce mai fari.

Duk damina sai ta bi tana leƙen 'yan tsaki, ko za ta ga mai kama da uwarta. Ina! Nata ma duk ubansu suka biyo.

Ta je wurin Kunkuru mai sanyin magana ta ce, "Baba, me irinmu ya yi wa daji?"

Ya ce, "Ba komai, 'yar nan. Wuta ba ta duba fiffike ba, inda kuka tsaya ta bi."

Da ta tsufa, jikarta ta ƙyanƙyashe tsako mai jan wuya, irin da ba a taɓa gani ba. Zabbi suka yi ca, "Wannan kuma na wane ne?"

Tsohuwa ta lulluɓe shi da farin fiffikenta ta ce, "Ku ƙyale shi. Mai fari ta farko ma haka aka tambaye ta."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta bar mu da kewa.