Igiyar Nomau da Doguwar Gaisuwa

Dalilin da ya sa ake doguwar gaisuwa kafin a faɗi abin da ya kawo mutum kuke son ji? To ku bar tsunkulin juna ku saurara.

A da ba a gaisuwa. Mutum ya faɗo gidanka, ya zazzage maganarsa, a yanke hukunci nan take. Akuyar da ta yi ɓarna kuwa, wuƙa ce hukuncinta.

Akwai wata tsohuwa, Gwoggo Tasalla, akuya ɗaya tak ta mallaka, da nononta take dama fura. Wata safiya sai ga maƙwabcinta Nomau yana huci, wuƙa a hannu ɗaya, guntuwar igiya a ɗayan. An cinye masa wake, ya tsinci igiyar a gona.

"Fito da akuyarki!"

Gwoggo ita ma ba ta yarda da halin akuyar ba. Ba ta da ƙarfin hana shi, sai dai ta ja lokaci.

"Zan fito da ita, ɗan nan. Amma ka kwana lafiya?"

Nomau ya dube ta. Ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba.

"Lafiya."

"Ina uwar yara? Ƙafar babarka fa, da sauƙi? Zauna ka sha ruwa, ka sha rana."

Ya zauna, don ƙishirwa ba ta san fushi ba. Ya ajiye wuƙar ya karɓi ƙwarya. Gwoggo ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jaki, har kaji ba ta bari ba. Da mutanen gida suka ƙare mata, ta ce, "Taka akuyar fa, tana lafiya?"

"Tana ɗaure a..."

Sai idonsa ya sauka kan igiyar da ke cinyarsa. An ɗaure tsakiyarta da tsumma, tsumman kuwa na tsohon wandonsa ne, shi da kansa ya ƙulla.

Kunya ta rufe shi. Ya tura igiyar cikin aljihu a hankali.

"Me ma ya kawo ka, ɗan nan?"

"Gaisuwa ce kawai, Gwoggo."

Labari ya bazu, kowa ya ɗauka. Shi ya sa har yau, komai zafin da ka zo da shi, sai an tambaye ka gida da gajiya, an ba ka ruwa tukuna. Ana ba ka lokaci ne ka duba igiyar da ke hannunka.