Gyaran Mota da Kunne

Bayan rasuwar Baba, garejinsa ya dawo hannuna, amma filin na Alhaji Bawale ne. Ran nan ya kawo motarsa, tana kakkarwa duk sanda ta tsaya a silo, wato inji na aiki ba ta tafiya.

Ya ce, "Ɗanliti, ubanka da kunne yake gane ciwon mota. Ku kuwa sai ku buɗe bonet ku musanya kaya. Gyara ta ba buɗewa, ko ka tashi daga filina."

Na san sensa ce, wata 'yar na'ura a jikin inji, ta yi datti, mai ba ya zuwa daidai. Na ce, "To, ranka ya daɗe. Wa zai zauna ya taka birki in saurara?"

"Ni. Ba mai taɓa makullina."

"Kashe esi, na'urar sanyin nan tana canja kukan inji. A ɗaga gilasai kuma, kada sautin ya watse."

Rana tsaka ce. Na kara kunne a jikin motar.

"Ka ji ciwon?"

"Saura kaɗan, Alhaji. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan kai la'asar."

Gumi ya jiƙa babbar rigar Alhaji sharkaf. Can sai na ji ƙas! Bonet ya ɗago.

"Alhaji, sharaɗin fa?"

"Kai na hana buɗewa, ba ni ba! Yi maza!"